Direban da Ya Dafa Motarsa

Na kai rabin kan wani mutum da kilifa sai waya ta fara ƙara a aljihuna. Ba na ɗaukar waya ina aski, amma ta tsinke ta sake shigowa, ta tsinke ta sake shigowa. Da na ɗauka sai na ji muryar ɗan abokina, wanda yake da kantin magani a wani gari mai nisa.

"Baffa, Baba ya rasu."

Na ce, "Wane Baban?" sai ka ce yana da su da yawa.

Ya ce yanzun nan mahaifiyarsa ta kira shi. Ta kai wa Baban shayi da safe, ta tarar da shi a teburinsa ya kifa kai a kan hannu. Ta ajiye shayin ta fita a hankali don kada ta tashe shi. Sai da ta koma ɗaukar kofi ta gane.

Na kashe kilifa na zauna a bencin masu jira. Mai rabin kai ya daɗe yana kallona ta madubi, daga baya ya sa hularsa ya fita. Ni kuwa abin da ya fara zuwa raina shi ne, da abokin nawa Direba zai tashi ya ji cewa matarsa ta ɗauka barci yake yi, da baƙin ciki ya sake kashe shi. Mutumin nan ya kwashe fiye da rabin rayuwarsa yana rantsuwa cewa shi bai yi barci ba.

Ni Direba nake ce masa. Sauran unguwa Gyangyaɗi suke ce masa in ya juya baya. Ni ma nakan faɗa, amma a gaban idonsa, in ina son in ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Da ƙuruciya babbar bas yake tuƙa wa wani kamfanin sufuri, shuɗiya mai farin rufi. Ya fi kula da ita fiye da fuskarsa, kuma duk wanda ya san fuskar zai shaida. Wata rana da azahar, a kan miƙaƙƙiyar hanya wadda ko akuya babu, motar ta sauka daga titi ta kwanta a rami. Ba wanda ya mutu. Wata tsohuwa ta yi asarar kwandon ƙwai, wani ɗan kasuwa ya bar haƙori ɗaya a wurin. Direba ya ce tifa ce ta taho a guje ta bugi kusurwar baya ta hagu, ta tura shi, ta wuce abinta. Ba wanda ya ga tifar, domin fasinjojin duk sun ci sun ƙoshi suna ta minshari. Da aka tambaye su, mutanen nan da ƙarar faɗuwa ta tashe su suka haɗa baki suka ce direba ne ya yi barci. Kamfani ya sallame shi, ya sayar wa masu yankan ƙarfe motar kafin kowa ya zaga ya dubi bayanta.

Daga nan bai ƙara riƙe sitiyari ba. Ya nemi gadin dare, aka tambaye shi ko wasa yake yi. A ƙarshe ya samu gadin rana a wani wuri da ake ƙera ƙananan gidaje na nuni, irin waɗanda masu zanen gini ke sakawa cikin gilashi don masu kuɗi su ga gidan kafin a haƙa tushe. Maimakon ya tsare ƙofa, sai ya koma leƙen taga. A nan ya ga rezin, wani abu kamar roba mai tauri da ake zubawa a mazubi ya daskare ya fito da siffar duk abin da ake so. A nan kuma ya ga yadda in abu ya karkace ake tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, a gyara shi da yatsu, a jefa shi a ruwan sanyi ya ƙame. Ya zo shagona da wannan labari kamar wanda ya gano maganin tsufa.

Yana da ɗa guda. Yaron ya taso ana kiransa ɗan Gyangyaɗi a makaranta, ya yi dambe har ya gaji, ya koma karatu, ya yi nisa da gida da zarar ya samu hanya. Yaron kirki ne, ba ya barin iyayensa da yunwa ko ciwo. Ranar da ya zo da sabuwar motarsa, Direba ya zaga ta yana shafawa, ya ɗan buga taya da ƙafa, ya miƙa hannu.

"Kawo makullin in ji lafiyar injin."

Yaron ya yi dariya mai sanyi, ya maida makullin aljihu.

"Baba, ka zauna a gaba kawai ka huta, ni zan ja ka."

A ƙofar shagona aka yi. Direba ya ce shi dama ƙafarsa na ciwo, ya shiga ya zauna a gefen mai zaman banza. Da suka dawo ya zo ya zauna a kujerar aski, alhali jiya na aske shi. Ya ce, "Mai Aski, yaron nan ma ya yarda da su." Ban sami abin tsokana ba ranar, kuma ni ba kasafai nake rasawa ba.

Daga ranar ya bar damuwa da unguwa. Abu ɗaya ya sa a gaba, ɗansa ya dube shi ya ce, "Baba, na yarda ba barci ka yi ba." Kuma tun da motar gaske ta zama tukwane da ƙofofin gidajen mutane, sai ya ce zai ƙera ta da hannunsa, 'yar ƙarama kamar tsawon kamu ɗaya, da duk raunin da ta samu ranar, yaron ya gani da idonsa.

Shugaban masu aikin wurinsu ya nemo masa 'yar ƙaramar irin motar, ta rezin, daga ƙasar waje. Ta iso cikin kwali, gunduwa-gunduwa, rufi daban, gefuna daban, kujeru kamar haƙoran jariri. Zafin hanya ya karkatar da rabinsu. Rufin ya yi kamar cokali.

Nan aka shiga zamanin ruwan zafi. Ya ƙwace butar lantarkin mai ɗakinsa, da kwanon da take kwaɓa fulawa, da hantsakinta. Ya kafa tebur a ɗan ɗakin ajiya da ke bayan kicin, tsakanin buhun gawayi da tsohon keken ɗinki. Kullum in na rufe shago na leƙa, zan same shi da tabarau biyu a hanci, ɗaya bisa ɗaya, yana jiran ruwa ya huce kaɗan, domin ya ce tafasasshe yana narka ƙananan abubuwa, mai ɗumi kuma ba ya komai. Da yatsa yake gwadawa. Yatsun nan sun dahu har ya daina jin zafin kofi.

"Duba nan, jahili," in ji shi, ya tsoma rufin. "Ka ga? Ban taɓa shi ba."

Gaskiya kuwa, rufin ya miƙe da kansa a cikin ruwa kamar mai tashi daga barci. Na faɗa masa haka, ya ce in fita masa daga ɗaki.

Da ya huce ya yi mini karatu. Ya ce rezin ba ya mantuwa. A miƙe aka zuba shi, don haka duk lokacin da ya ji zafi, can yake son komawa. In kana so ya zauna yadda ka lanƙwasa shi, ka sanyaya shi nan take, sannan ka raba shi da zafi har abada. Ya maimaita mini wannan karatu ya fi a ƙirga. Ya yi wa mai kawo burodi. Ya yi wa mutumin da ya zo karanta mitar wuta, har bawan Allah ya manta abin da ya kawo shi.

Ya gama miƙe komai tsaf, sai ya fara lanƙwasawa. Mai ɗakinsa ta tsaya a ƙofa da hannu a ƙugu.

"Mai Aski, ka gaya mini, a wane asibiti ake karɓar irin wannan? Wata da watanni yana miƙe abu, yau ya miƙe, ya ce saura a lotsa shi."

"Ke ba ki san aiki ba," in ji shi, bai ɗago ba.

"Na san buta. Tawa ce."

Lotsawar ta fi miƙewar wuya. In ya yi gaggawa, sai ka ji ƙas, abu ya karye, a sake aikawa waje a jira. In ya daɗe a ruwa, gefen motar gaba ɗaya ya saki ya zama kamar dafaffen ganye. Ya ari na'urar busar da gashi ta shagona don ya riƙa gasa wuri ɗaya kawai, ya dawo da ita tana warin ƙonannen takalmi. Ya gwada hannu a kan matazaina guda uku. Har yau akwai ɗaya a shago, in ka taje kai da shi sai ya zagaya kunne da kansa. Wurin da tifa ta buga kuwa, ya sassaƙa ɗan katako daidai da bambar tifa, ya riƙa dannawa a kusurwar baya ta hagu, ya ɗaga ya duba, ya girgiza kai, ya maida ruwa ta miƙe, ya sake.

Na ce masa, "Direba, tsaya in tambaye ka. Kai ka sayi motar, kai ka dafa ta, kai ka lotsa ta da hannunka. In wannan shaida ce, ni ma gobe zan zana gashi a kan mai sanƙo in ce ya tsiro."

"Na wuni a gefen ramin nan ina kallonta har aka zo janye ta. Na san kowane lanƙwasa."

"Ai ba ka rasa lokacin kallo ba, tun da ka riga ka sha barcinka."

Ya jefe ni da katakon. Washegari ya zo aski kamar ba a yi ba. Haka muke tun muna da gashi.

An ɗauki shekaru. Ya yi fenti, shuɗi da fari, ya kankare inda ƙasa ta goge, ya fasa fitilar baya da allura, har kwandon ƙwai ya saka a kujera ta uku. Ranar da ya ce ta kammalu, ni kaina na jinjina masa. Tana kwance a gefenta kan ɗan katako mai siffar rami, ƙofar ta buɗe rabi, ƙugunta na hagu ya shige ciki kamar an naushe ta. Ya kira ɗansa ya ce lallai ya zo ƙarshen mako, akwai magana. Yaron ya ɗauka rashin lafiya ce, ya ce zai iso da hantsi.

Direba ya sa aka yanka masa akwatin gilashi. Da sassafe ya kwashi motar ya kai falo, ya ajiye ta a bakin taga, ya ce yana so hasken rana ya faɗo mata ta gefe, kamar yadda ya faɗo a ranar, don inuwa ta cika wurin da ya lotse. Bai gamsu ba, ya zo ya kwance tsohon ƙwan fitilar da ke saman madubina, irin mai zafin nan da ba a taɓawa, ya saka a cikin akwatin, ya rufe ruf don ƙura. Ya kunna, ya lulluɓa farin mayafi mai shara-shara a kai don a yi buɗewa kamar ta manya. Sannan ya sa riga mai guga ya zauna a ƙofar gida yana kallon hanya.

Mutumin da ya hana mai karanta mita sakat da karatun zafi, shi ne ya haɗa wa motarsa tanda da hannunsa.

Yaron bai iso da hantsi ba. Taya ta fashe masa a hanya, sai bayan la'asar ya shigo. An kira ni in zama shaida, na rufe shago na zo. Aka gaisa, aka sha ruwa, yaron yana ta kallon fuskar ubansa yana neman ciwo. Direba ya miƙe, ya gyara murya, ya ce, "Yau za ka ga abin da ya faru da idonka." Ya janye mayafin.

Gilashin ya yi zafi kamar murfin tukunya. A ciki ga mota kwance, lafiya lau. Ƙugun ya fito ya cike, bambar ta miƙe, ƙofar ta koma daidai. Fenti ne kawai ya ɗan tsattsage a wurin. Ka ce yanzu aka fito da ita daga kamfani aka kwantar da ita ta huta.

Yaron ya sunkuya ya duba, ya ce, "Kai, Baba! Kai ka yi wannan? Wallahi ta yi kyau. Ko ƙwarzane babu."

Mai ɗakinsa ta toshe baki da gefen zane ta shige kicin. Har yau ban sani ba ko dariya ta je yi ko kuka. Ni na kafa ido a silin.

Direba ya fara bayani, yana nunawa da yatsa a kan gilashi. Nan ne, nan ya lotse, da safe yana nan, ka tambayi Mai Aski, tifar ta nan ta shigo. Yaron ya dube shi, ya dubi motar da ba abin da ya same ta, sannan ya dafa kafaɗarsa a hankali, irin dafawar da yake yi wa tsofaffin da ke zuwa kantinsa sun manta sunan maganinsu.

"Baba, don wannan ka kira ni? Haba. Ko ma barcin ka yi, wa ya mutu? Kowa yana gajiya. Ni wallahi na daɗe da yafe wannan maganar."

Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Direba ya kashe fitilar, ya ce abinci zai huce. Washegari yaron ya koma, ya bar masa maganin ƙarin jini da na samun barci.

Kwana biyu bai zo shago ba. Na uku na je, tun daga ƙofa na ji ƙarar buta.

Bayan an binne shi, da mutane suka ragu, na ja yaron gefe na isar masa da saƙon da ke wuyana. Na ce ubansa bai yi barci ba, tifa ce ta buge shi, ni na yarda, kuma na gaya masa dalilina. Ya saurare ni har ƙarshe, yana da ladabi. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa, Baffa, ai ya wuce." Amma da zai koma, bai ɗauki agogon uban ba, bai ɗauki riga ko ɗaya ba. Ya shiga ɗakin ajiya ya daɗe. Ya fito da motar a hannu, gefenta ɗaya ba fenti, ya tambaye ni a ina ya kamata ya sa ta. Na ce ko'ina ban da inda rana ke bugawa. Ya cire rigarsa ta sama ya naɗe ta, ya sa a ƙarƙashin kujerar motarsa. Ko ya yarda ko bai yarda ba, bai faɗa ba, ni kuma ban matsa ba.

Saƙon kuwa, ana jibi zai rasu na ɗauke shi. Na same shi ya ɓamɓare gefen motar, ya kankare fentin, yana dannawa da ɗan katakonsa. Ya rame, tabarau biyun suna zamewa.

"Ka zo kallon gawa?" in ji shi. "Riƙe nan, tun da ba ka da amfani. Tsoma a ruwan sanyi, kada ka motsa."

Na riƙe. Ban taɓa riƙewa ba sai ranar, kullum daga ƙofa nake tsokana. A kan teburin ga tsofaffin gefunan da suka karye masa tun farkon aikin, ya ƙi zubarwa. Ina jiran abu ya ƙame sai na ɗauki ɗaya na kara da wanda ke hannuna. Na ɗauki wani na kara. Wurin lotsewar ɗaya ne, zurfin ɗaya, har ɗan karkacewar da ya yi sama wajen fitila.

Ni ban san ƙarfe ba, amma na san maƙaryata, a kujerata suke wuni. Wanda ya kori ɓarawo ɗaya bara, bana uku ya kora, baɗi da bindiga za su zo. Ban taɓa ganin ƙaryar da ta shekara ba ta yi ƙiba ba. Ta Direba ta yi shekaru a ruwan zafi, ba ta ƙaru da ko silin gashi ba.

Na ce, "Direba."

"Ka motsa ko? Na san za ka motsa."

"An buge ka ta baya."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, yana jiran ƙarashen tsokanar. Da bai ji ta ba, sai ya cire tabarau ɗin duka biyu, ya daɗe yana goge su da bakin riga.

"Sai yau?" ya ce. "Sai da haƙoranka suka zube?"

"Sai yau."

"To ni me zan yi da yardar mai aski? Yaron za ka gaya wa. In ni na faɗa, tsoho ne ke surutu. Kai ya san ba ka taɓa goyon bayana ba ko a kan farashin albasa."

Na ciro waya. "Kawo lambarsa in kira yanzu."

Ya riƙe mini hannu. Yatsunsa da ɗumi, kamar kullum.

"Ba yanzu ba. Bari in yi fenti tukuna, ka faɗa masa tana gabansa."

"Direba, fentinka shekara yake ɗauka."

"Mako ɗaya. Kuma ka zo mini da na'urar busar da gashin nan."

"Ka ƙona ta."

"To ka sayi wata mana. Kai wane irin mai aski ne?"